SHARHI: Tururin Mai A Jiragen Ruwa, Gobarar Da Kuɗi Kaɗan Za Su Iya Hanawa

A ranar Laraba 7 ga watan Agusta na shekarar 2024, wani babban jirgin katako da ke ɗauke da 'yan kasuwa da kayayyakinsu ya kama da wuta a kusa da garin Ezetu, cikin ƙaramar hukumar Ijaw ta Kudu a Jihar Bayelsa. Rahotannin da aka bayar a lokacin sun nuna cewa fashewa aka ji daga wajen injin, kafin a ankara wuta ta game jirgin har ya nutse, aka rasa rayukan mutane aƙalla 20. Gabanin wannan, gobara ta tashi har sau biyu, a watan Nuwamba na 2021 da watan Afrilu na 2022, a tashar jiragen Bonny da Bille da Nembe da ke birnin Fatakwal, inda jirage da dama suka ƙone ƙurmus tare da hajojin jama'a, aka kuma yi hasarar rayuka.

Bisa al'ada, idan irin wannan ta auku sai mahukunta su aika da saƙon jaje, a yi alkawarin bincike, bayan 'yan kwanaki kuma kowa ya kama gabansa. Babu mai ja da ƙaddara, amma addini da hankali duka sun umurce mu da mu ɗauki matakin kare rai da dukiya. Ra'ayinmu a nan shi ne, gobarar da tururin mai ke haddasawa a jiragen ruwa tana cikin hasarorin da suka fi arahar kaucewa a harkar sufurin ƙasar nan, kuma dalilin da ya sa har yanzu ba a kauce mata ba shi ne wanda ke tsimin kuɗin gyara daban, wanda ke ɗaukar mafi yawan hasarar kuma daban. Don haka tilas ne masu kaya su sa baki.

Maganar ta shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa da Doka ta 13 ta shekarar 1997 kuma hedkwatarta ke Lakwaja, ta ƙiyasta cewa ƙasar nan na da hanyoyin ruwa kimanin kilomita 10,000, waɗanda suka ratsa jihohi 28. A kan waɗannan ruwaye ne albasa da wake da hatsi da busasshen kifi da dabbobi ke kai-komo, daga Yawuri da sauran kasuwannin bakin tafkin Kainji, zuwa Lakwaja da Anaca, har garuruwan yankin Neja Delta da mota ba ta isa sam. Falken da ya sauke kayansa daga tirela a Fatakwal ko Warri, sau da yawa ragowar tafiyar a jirgi za a yi ta, kuma jarinsa kaf yana kwance ne 'yan taku kaɗan daga inji da jarkokin mai.

Halin tururin fetur

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tururin da fetur ke fitarwa shi ke kamawa da wuta. Fetur na fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin ƙasarmu. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ƙasa yake gangarawa kamar ruwa. A mota wannan ba ya zama babbar matsala, domin ƙarƙashin inji a buɗe yake, abin da ya zuba ko ya yi tururi sai ya faɗa kan titi iska ta kwashe. Jirgin ruwa kuwa kwarya ne, an yi shi ne don kada komai ya shiga ko ya fita ta ƙasa. Duk tururin da ya tashi daga tanki ko tiyo ko jarka, a gindin jirgi zai taru, ƙarƙashin katakon da ake takawa, ya kwanta yana jira.

Ba ya kuma bukatar yawa. Idan tururin fetur ya kai kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar da ke wuri, ya isa ya kama, kuma haɗarin na nan har zuwa wajen kashi 7.6 cikin 100. In aka yi lissafi, rubu'in lita na fetur, in ya ƙafe gaba ɗaya, ya isa ya mai da iskar wuri mai tsawon mita 3, faɗin mita 1 da zurfin mita 1 ta zama mai kamawa. Abin da ya rage shi ne tartsatsi guda: daga kan batir da ya yi sako-sako, ko wayar da aka ɗaure da leda, ko sitata a lokacin tayar da inji, ko guntun sigari, ko garwashin mai dafa abinci. Wannan na ƙarshe shi ne aka ba da rahoton ya haddasa gobarar jirgin HB Kongolo a Kogin Kwango, kusa da Mbandaka, a watan Afrilu na 2025, inda wutar girki ta kama man da jirgin ke ɗauke da shi, mutane fiye da 140 suka halaka.

Man dizal ya fi fetur sauƙin haɗari, domin sai ya yi zafin da ya haura digiri 50 kafin ya fitar da tururi mai kamawa, kuma dokokin sufurin teku na duniya sun tanadi cewa man manyan jirage kada ya zama mai kamawa a ƙasa da digiri 60. Sai dai wannan kariya ta dogara ne da tsabtar man. Da zarar an gauraya dizal da ɗan fetur, ko an sayi wanda aka tace a haramtattun matatun daji, sai ya koma mai saurin kamawa, alhali mai jirgi na zaune da zaton dizal ya zuba.

Numfashin inji

Hanya ta biyu da tururi ke taruwa a jirgi ita ce ta tumbin inji, wato ɗakin nan na ƙasa inda baƙin mai ke kwanciya kuma karanshaf ke juyawa. Duk injin da ke aiki, komai sabuntarsa, akwai ɗan hayaƙi da man da bai gama ƙonewa ba da ke sulalewa ta gefen zoben fistin ya faɗa cikin tumbin. Gwargwadon tsufan inji da cinyewar zobban, gwargwadon yawan abin da ke sulalewa. Dole ne wannan iska ta sami mafita, shi ya sa kowane inji mai baƙin mai a tumbi yake da kafar numfashi.

Idan kafar ta toshe da dauɗa, iskar za ta matsa har ta turo baƙin mai ta bakin gasket da sil, man ya riƙa ɗiga a kan salansa mai zafi ko ya taru a gindin jirgi. Idan kuma aka cire tiyon aka bar kafar tana huci a fili, kamar yadda wasu makanikai kan yi don a huta da gyara, to an mai da ɗakin inji rumbun tara tururi da hayaƙi mai guba. A tsofaffin motoci, bututu ne kawai ake saukarwa ƙasa, iskar gudu ta riƙa zuƙe hayaƙin. Tun farkon shekarun 1960, da aka fara a Jihar Kalifoniya ta Amurka, aka koma amfani da bawul mai mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone. Jirgin ruwa ba shi da titi a ƙarƙashinsa, don haka a injinan da aka ƙera domin ruwa, ana mayar da tiyon numfashi ne zuwa bakin da inji ke shaƙar iska, a injin fetur kuma a sa ragar ƙarfe a bakin kafireta wadda ke kashe harshen wuta in inji ya yi tari ta baya.

A nan ne arahar ɗauko injin mota ko na janareta a dasa a jirgi take zama tsada. Kafiretar jirgi an yi ta ne yadda in mai ya cika ya tumbatsa zai zuba cikin inji, ta mota kuwa tana iya zubar da shi waje. Sitata da dainamon jirgi a rufe suke yadda tartsatsinsu ba zai haɗu da iskar waje ba, na mota a buɗe suke. Ido ba zai bambance su ba, farashi ne ke bambanta su, kuma masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Injin dizal ma yana da nasa. Idan ya tsufa ƙwarai, yana iya zuƙo baƙin mai ta tiyon numfashi ya riƙa ƙona shi a matsayin makamashi, sai ya yi ta gudu ba ƙaƙƙautawa, ko an kashe makulli ba zai tsaya ba sai an toshe masa iska ko ya tarwatse. A manyan injina kuma, idan wani ƙarfe a ciki ya yi zafi fiye da kima, baƙin mai kan koma hazo a cikin tumbi, hazon ya fashe.

Darasin waɗanda suka riga mu

Ƙasashen da suka ci gaba a harkar jiragen ruwa sai da suka sha wuya kafin su gyara. A ranar 11 ga Satumba na 1947, jirgin fasinjan Ingila mai suna Reina del Pacifico yana gwajin inji a teku kusa da Belfast bayan an yi masa garambawul, sai fistin guda ya yi zafi, tumbin injinansa suka fashe, mutane 28 suka mutu. Binciken da ya biyo baya ne ya kai ga samar da ƙofofin rage matsi da na'urorin gano hazon mai. A yau Yarjejeniyar Kare Rayuka a Teku ta duniya ta wajabta sanya irin waɗannan ƙofofi a duk injin da faɗin silindarsa ya kai milimita 200, ko girman tumbinsa ya kai kashi 6 cikin 10 na mita mai kusurwa huɗu a tsawo da faɗi da zurfi. Ana kuma koya wa injiniyoyi kada su yi gaggawar buɗe tumbin injin da ya yi zafi, sai sun jira aƙalla minti 20, domin iskar da za ta kutsa ita ke hura wutar.

Game da ƙananan jirage masu amfani da fetur, Amurka ta yi doka tun 1940 wadda ta tilasta sanya ragar kashe wuta a kafireta da samar da hanyoyin shigar iska a ɗakin inji da na tanki. Daga 1980 kuma aka wajabta wa sababbin jirage masu injin fetur a rufaffen ɗaki su kasance da fanka mai zuƙo iska daga can ƙasa ta fitar waje, tare da rubutaccen gargaɗi a kusa da makulli cewa a kunna fankar na tsawon minti 4, a kuma duba gindin jirgi, kafin a tayar da inji. Abin lura a nan shi ne babu wata fasaha mai wuya a cikin waɗannan: raga ce, da bututu, da fanka, da haƙurin minti 4.

Lissafin riba da hasara

Mu ƙaddara, alal misali, mai jirgi zai kashe Naira 200,000 a shekara wajen sauya tiyoyin mai da na numfashi, da gyara wayoyi, da yi wa batir akwati, da sayen tukunyar kashe gobara guda biyu. In jirgin na yin sawu 100 a shekara, kowane sawu ya tashi a kan Naira 2,000. In 'yan kasuwa 40 ne a ciki, kowa Naira 50 ta hau kansa, kuɗin da bai kai na lodin buhu guda ba. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai jirgin da injinsa, da jarin mutum 40, da rayukan da ba su da farashi. Ko mai karatu ya ninka wannan ƙiyasi sau biyar, sakamakon ba zai sauya ba.

To me ya sa ba a yi? Dalili na farko shi ne kuɗin gyara daga aljihun mai jirgi zai fita yau, hasarar kuwa mai yiwuwa ce a gaba, kuma mafi yawanta a kan fasinja da masu kaya za ta faɗa. Na biyu, mai kaya ba ya iya bambance jirgi mai lafiya da maras lafiya, don haka wanda ya fi araha yake shiga, wanda ya kashe kuɗi ya gyara kuma bai ga ladan gyaransa ba. Na uku, galibin waɗannan jirage da kayan da ke cikinsu ba su da inshora, saboda haka babu wani kamfani da ke da dalilin aiko da mai duba inji kafin ya karɓi kasada.

Halin da kasuwar mai ta shiga ya ƙara dagula al'amarin. Bayan sanarwar janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na 2023, litar fetur da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Da mai ya cinye ribar mai jirgi, gyara ne abu na farko da ake ɗagawa zuwa wani lokaci. Garuruwan bakin ruwa da yawa ba su da gidan mai, don haka a jarkoki da durom-durom ake kai musu, sau da yawa a jirgin da ke ɗauke da mutane. Daɗin daɗawa, ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairu na 2022 ba, kuma irin wannan sinadari na cin roba, ya bar tiyo da tsagar da ido ba ya gani sai dai hanci ya ji.

Hujjar masu jirage

Masu jirage za su ce yawancin jiragenmu a buɗe suke, injinsu kuma na rataye ne a baya, iska na kaɗawa ta ko'ina. Gaskiya ne wannan na rage haɗari, kuma ƙananan injinan da ake gauraya wa baƙin mai da fetur ba su da matsalar numfashin tumbi irin wadda aka bayyana. Amma tankin da tiyon da jarkokin duk a cikin jirgi suke, kuma da zarar an shimfiɗa katako a ƙasa, an jibga buhuna, an rufe da tamfol, to an yi rufaffen ɗaki ko ba a yi niyya ba.

Wasu kuma za su ce nutsewa ta fi gobara kisa, su kawo misalin Warra a Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da Patigi a Jihar Kwara a watan Yuni na 2023 inda aka rasa mutane fiye da 100. Wannan ma gaskiya ne, kuma Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023 da hukumar NIWA sun cancanci yabo kan rabon rigunan ruwa, da yaƙi da lodin wuce kima, da hana tafiyar dare. Sai dai rigar ruwa ba ta kashe wuta, ba ta kuma ceton buhu. Haka nan kiran da ake yi na maye gurbin jiragen katako da na faiba yana bukatar hattara, domin faiba ma tana ci da wuta, kuma jirgin zamani mai rufaffen ɗakin tanki ya fi buɗaɗɗen kwalekwale riƙe tururi. In aka kawo sababbin jirage ba tare da fanka da horo ba, an rage wani haɗari ne an ƙaro wani.

Hujja mafi ƙarfi ita ce tsoron kada binciken inji ya zama wata sabuwar kafar tatsar kuɗi a bakin kwata. Wannan tsoro na da tushe, shi ya sa muke ganin bai kamata a bar aikin a hannun jami'an gwamnati su kaɗai ba.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke yin shatar jirage, musamman na albasa da hatsi da kifi da dabbobi, su yi amfani da ƙarfin da suke da shi. Su ne ke biyan kuɗi, don haka suna da ikon gindaya sharaɗi. Wakilinsu ya leƙa wajen inji kafin a fara lodi: ya sunsuna gindin jirgi, ya ga ko tiyon numfashi na haɗe, ko akwai ɗigar mai, ko batir na rufe nesa da tanki, ko akwai tukunyar kashe gobara mai aiki. Wannan ba zai ɗauki minti goma ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jirgin da ya cika sharaɗi a ba shi fifiko, ko da an ɗan ƙara masa kuɗi.

Na biyu, ƙungiyoyin masu jirage da sarakunan ruwa su kafa ƙa'idar shan mai a kowace tasha: a kashe inji, a sauke fasinja, a cika jarka a kan tudu, a goge abin da ya zuba, a bar jirgi ya sha iska kafin a tayar. A raba jirgin dakon mai da na mutane, a kuma hana girki da shan taba a duk jirgin da ke ɗauke da fetur.

Na uku, hukumar NIWA, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ikon kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a hukuncinta na watan Janairun 2024, ta fitar da taƙaitaccen jerin abubuwan dubawa a ɗakin inji, a fassara shi cikin Hausa da Nufanci da Ijaw da Yarbanci da sauran harsunan bakin ruwa, a liƙa a tashoshi tare da kuɗin rajistar da doka ta yanka, don kowa ya san abin da ake nema da abin da zai biya. A haɗa kai da makarantun koyon sana'a a horar da makanikan bakin kwata, domin su ne ke yanke hukuncin ko a gyara tiyo ko a cire shi.

Na huɗu, Hukumar Inshora ta Ƙasa da kamfanonin inshora, har da na takaful da aka fitar da ƙa'idojinsu tun 2013, su ƙirƙiro tsari mai sauƙi na ƙungiya-ƙungiya, wanda kuɗinsa zai ragu ga jirgin da aka duba aka tabbatar da lafiyarsa. Bankunan da ke ba da rancen sayen inji su ma su sa wannan cikin sharuɗɗansu, tunda jarinsu ne ke kan ruwa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki kuma ta sa ido kan tiyoyi da tukwanen kashe gobara na jabu da suka cika kasuwa.

Abin da ya faru a Bayelsa da Fatakwal na iya faruwa a Yawuri ko Lakwaja ko Ibi, domin fetur ɗin ɗaya ne, injinan ma kusan ɗaya ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Muna kira ga shugabannin kasuwanni da su sanya wannan batu a taronsu na gaba, tun kafin kaka ta yi lodi ya yawaita. Allah Ya kiyaye mana rayuka da dukiyoyi, Ya kuma jiƙan waɗanda suka rasu, amin.